Jak a Inda Bai Dace Ba: Gyaran Ɓarnar Ƙarƙashin Mota

 

Shugaban wannan zama, shugabannin ƙungiyar kanikawa da suka gayyace ni, iyayenmu dattawan sana'a, masu walda, masu gyaran bodi, masu faci, direbobi, da yaranmu masu koyo da nake hangowa can baya a jikin taga, ina yi muku barka da zuwa. Na gode da kuka rufe gareji, kuka bar kuɗi yana wucewa a titi, kuka zo kuka zauna. Allah ya mayar muku da alheri.

An ce in yi magana a kan ɓarnar da ɗaga mota ba bisa ƙa'ida ba yake yi wa ƙarƙashinta, da yadda ake gyara wannan ɓarna. Na san wani zai ce a ransa, yau kuma jak ne abin yi wa lacca? Jak ɗin da yaro ɗan sati biyu a gareji ya iya murzawa? To ai nan matsalar take. Aiki ne da oga ba ya yi da hannunsa, yaro mafi ƙarancin sani ake bar wa, kuma ɓarnar tana aukuwa a wurin da mai mota ba ya leƙawa. Abin da nake so mu tattauna shi ne: lotsewar da jak yake yi sau da yawa ƙarama ce, tana gyaruwa cikin awa guda. Abin da yake lalata mota shi ne irin gyaran da ake bin ta da shi, a hura wuta, a sa guduma, a shafe da fila, a fesa baƙin fenti, a ce wa mai ita an gama.

Na farko: motar ta canja, hannunmu bai canja ba.

Ginin mota iri biyu ne. Akwai mai shasi, irin Hilux da Land Cruiser da tifa, wadda take da manyan ƙarafa biyu tun daga gaba har baya, bodin kuma a kansu aka ɗora shi aka ɗaure. Wannan tana da haƙuri. Kusan duk inda ka samu shasi ka kafa jak za ta tashi lafiya. Akwai kuma wadda ba ta da shasi na daban, bodin ne kansa yake ɗauke da komai: Corolla, Camry, Accord, Golf, Sharan ɗin da ake lodi da ita a tasha. Kada ku ɗauka sabon abu ne. Kamfanin Lancia na Italiya ya fitar da irin wannan gini tun 1922, Citroën na Faransa ya yawaita shi daga 1934, kuma salun ɗin 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 ita ma haka take.

To me yake riƙe da irin wannan mota? Falankin ƙarfe ne wanda a wurare da yawa kaurinsa bai kai milimita 1 ba, aka lanƙwasa shi ya zama akwati-akwati, aka haɗa da ɗigon walda. Ƙarfinsa a siffarsa yake. Ku ɗauki gwangwanin lemo wanda ba komai a ciki: yana tsaye lafiya za a ɗora masa nauyi mai yawa ya ɗauka, amma da an lotsa gefensa kaɗan, taɓawa ɗaya sai ya ruguje. Akwatin da yake ƙarƙashin ƙofofin mota, daga tayar gaba zuwa ta baya, haka yake. Shi ne yake tare mutum ranar da wata mota ta dako daga gefe. Wanda ya lotsa shi da jak ba kwalliya kawai ya taɓa ba.

Na biyu: ina ne wurin jak?

Ku durƙusa a gefen Corolla ku duba ƙasan wannan akwati. Za ku ga wani leɓen ƙarfe siriri yana kallon ƙasa, ya bi tsawon motar. Falankai biyu ko uku ne aka haɗe a nan. Kaɗan bayan tayar gaba, da kaɗan kafin tayar baya, akwai 'yan tsage biyu a jikin leɓen. Tsakaninsu ne kamfani ya ƙara ƙarfe daga ciki, kuma jak ɗin da ya zo da motar yana da tsagi a kansa domin leɓen ya shiga ya zauna. Mercedes da BMW su kuma roba mai tauri suka maƙala a wurare huɗu. Duk wannan yana cikin littafin mota, kuma yawanci an zana shi a takardar da ke manne jikin jak ɗin. Mu nawa ne a ɗakin nan muka taɓa karanta ta?

Ɓarnar kuwa ta hanyoyi sanannu take zuwa. A kawo jak mai mai wanda kansa shafaffe ne a sa a kan leɓen, leɓen ya kwanta. A tura shi ciki ƙarƙashin inda direba ke ajiye ƙafa, daɓen ya kumburo sama. A kafa shi a kwanon baƙin mai domin shi ne ya fi kusa da hannu. Ko a sa shi a daidai wurin amma a kan rairayi, babu katako a ƙasa, babu waigi a taya, motar ta zame ta faɗo, kan jak ya huda abin da ya samu.

Na uku: a duba kafin a taɓa.

A wanke ƙarƙashin motar, a hau da ita rami, a haska fitila. Laka tana ɓoye tsaga. Sannan a fito a buɗe ƙofofi a rufe ɗaya bayan ɗaya. Idan ƙofar da take rufuwa da yatsa yanzu sai an buga ta, ko tazarar da ke tsakaninta da bodi ta matse a ƙasa ta buɗe a sama, to ba leɓe kaɗai ya motsa ba, akwatin ya tafi. A ɗaga kafet a taɓa soson da ke ƙasansa ko da danshi. A bi bututun birki da na mai da yatsa daga gaba har baya. Idan an yi zargin karkacewa, a ɗauki tef a auna daga rami na gaba hagu zuwa na baya dama, sannan na gaba dama zuwa na baya hagu. Awon biyu ya kamata su zo ɗaya.

Wani abu kuma game da motocin da muke saya na hannu. Waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen Turai masu ƙanƙara sun yi shekaru suna bin titin da ake zuba wa gishiri lokacin sanyi. Daga waje fenti na ƙyalli, daga ciki tsatsa ta cinye. Irin wannan ko a daidai wurin ka sa jak, sai ka ji ƙurus, ɓarɓashi ja yana zubowa. Ku soka sukudireba a wurin. Idan ya shige, babu maganar miƙewa, sai yankewa. Kuma a nan ba laifin yaro ba ne, a daina marinsa.

Na huɗu, kuma a nan zan daɗe: miƙe leɓen da ya kwanta.

A girke motar a kan ƙafafun ƙarfe a wasu wuraren, domin wurin da za a gyara ya huta daga nauyi. A cire robar gefe idan akwai. A goge laka da tsohon kwalta da burushin waya har ƙarfe ya bayyana, tsawon taƙi guda kowane gefe na lanƙwasar.

Ba da guduma ake farawa ba. A ɗauki filaya mai kullewa mai faɗin baki, ko sifana mai daidaitawa a matse bakinta a kan leɓen. A fara daga ƙarshen lanƙwasar, inda ta fi sauƙi, a ɗago kaɗan, a matsa gaba da faɗin yatsa biyu, a ɗago kaɗan, har a kai ɗaya ƙarshen, sannan a dawo a sake bi. Zagaye uku ko huɗu kafin leɓen ya tsaya. Me ya sa ba za a kama tsakiya a fizgo gaba ɗaya ba? Domin ƙarfe idan ya lanƙwashe yakan yi tauri a daidai gwiwar, kuma duk lanƙwasawa da mayarwa tana ƙara masa tauri har ya tsage. Kowa a nan ya taɓa karya waya da hannu ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya. Wanda ya fizgi leɓe ya wuce wuri, ya mayar, ya sake fizga, abin da yake yi ke nan. Sai leɓen ya kusa tsayawa ake kawo guduma, a tokare bayansa da guntun ƙarfe mai nauyi, a riƙa bugu ƙanana ana gyara layi.

Yanzu a duba ɗigon walda. Za ku gan su 'yan zagaye-zagaye a jere a jikin leɓen. Idan falankan sun rabu, baki ya buɗe tsakaninsu, to ɗigon ya saki. A kankare abin da ya shiga tsakani, a matse su da filaya, a huda falankin waje kaɗai da rami kamar milimita 8, a cike ramin da walda har ta kama na ciki. Injin da ya dace shi ne mai waya da iskar gas, wanda muke cewa waldar CO2. Waldar sanda tana huda falanki siriri, ta kabaid kuma tana yaɗa zafi ya wuce inda ake so. Na san ba kowane gareji yake da injin ba. To a tura motar inda yake. Tura aiki ga maƙwabci ba faɗuwa ba ce.

Kafin a kunna walda, a cire kan batir, a jira 'yan mintoci domin na'urar balan-balan ɗin haɗari ta huce. A ɗage kafet. Damin wayoyin mota a motoci da yawa ta cikin gefen nan yake bi, tazararsa da inda ake walda ba ta wuce kaurin falanki ba. A maƙala wayar ƙasa kusa da wurin aiki, kada wuta ta zaga ta cikin kwamfutar mota. A ajiye abin kashe gobara kusa, yaro ɗaya kuma ya tsaya yana kallon cikin motar.

Abu na ƙarshe a nan, wanda kusan kowa ke mantawa: a jikin leɓen akwai ƙananan kafofi da kamfani ya bari domin ruwan da ya shiga akwatin ya tsiyaye. Leɓe idan ya kwanta yakan toshe su, mai fila kuma ya zo ya ƙarasa. A buɗe su. In ba haka ba ruwan damina ya kwana a ciki, mai mota ya riƙa jin motsinsa idan ya taka birki.

Na biyar: daɓe, da maganar wuta.

Daɓen da ya kumburo ba shi da wahala. A cire kujera, a ɗage kafet, a ɗora katako a kai a buga daga ciki, wani yana tokare da ƙarfe daga ƙasa. Idan ya huje, a yanka faci daga falanki mai kauri ɗaya a yi walda.

Inda nake so mu yi gardama shi ne ƙarafan ciki. Al'adarmu ita ce a hura wuta har ƙarfe ya yi ja, ya yi laushi, a miƙe. Dattawanmu da suka yi aiki a kan 404 da 504 ba su yi kuskure ba, ƙarfen lokacin yana jure haka. Amma motocin da aka ƙera daga shekarun 2000 zuwa yau, da yawansu ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi da ƙarfen cikin akwatin gefe na musamman ne, mai sinadarin boron. A masana'anta ake gasa shi har wajen digiri 900, a matse shi a sanyaya nan take, ya fito da ƙarfin da ya ninka na falankin gama-gari wajen sau biyar. Idan ka mayar da shi wuta a gareji, ka warware abin da masana'anta ta yi. Zai miƙe, zai yi kyau a ido, amma ya zama ƙarfen banza, kuma ba wanda zai sani sai ranar haɗari. Garin gyaran gira an rasa ido. Ta yaya za ka gane shi? Ka sa masa bakin huda na gama-gari, za ka ga yana zamewa yana ƙonewa bai shiga ba. Irin wannan idan ya karye gwiwa, kamfanonin da suka ƙera shi cewa suka yi a canja. A je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a nemo yankakken ɓangare mai lafiya, a cire na da daga ɗigon waldarsa, a sa wannan a mazauninsa.

Fila kuwa ba ta da aiki a wurin jak. Ba ta ɗaukar nauyi. Ranar da aka sake ɗaga motar za ta fashe ta zubo.

Na shida: abubuwan da ba a miƙewa.

Bututun birki kaurinsa na waje bai kai milimita 5 ba, ramin cikinsa kuwa kamar 3. Idan jak ya matse shi, ga alamar da za ku gani: birki yana kamawa, domin ƙafa tana tura mai da ƙarfi ya wuce matsin, amma ba ya saki da wuri, domin man ba shi da mai turo shi baya. Sai taya ɗaya ta riƙa zafi tana wari. A canja fata, a wanke kalifa, abin yana nan. Wa ya tuna da faci da aka yi makon jiya a bakin titi? Wannan bututu ba a buɗe shi da filaya, ba a yi masa walda, ba a haɗa shi da tiyo da kilif. Iskar da ke cikin taya ba ta wuce awon bar 2 da ɗoriya ba, amma matsin man birki idan an taka da ƙarfi yana iya haura bar 100. A canja bututun, a buɗa bakinsa da abin buɗawa, a fitar da iska, a taka a riƙe a ga ko feda tana nutsewa.

Bututun mai idan ya matse, mota tana tashi lafiya, tana silo lafiya, sai an hau babban titi ta fara shaƙewa. Famfon mai nawa aka canja a banza saboda wannan? Tanki kuma kada a kusance shi da wuta. Wanda babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne yake fashewa.

Sai kwanon baƙin mai. Tsakanin gindinsa da bakin da famfo yake zuƙo mai, tazarar ba ta kai santimita guda ba. Jak ya tura gindin sama kaɗan, ya rufe bakin. Ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa, sandar awo ta nuna mai a cike, amma fitilar mai tana ƙyaftawa idan an ba da wuta, saman inji yana ƙas-ƙas. Direban da ya ce bari in lallaɓa in kai Zariya, inji zai saya. Idan kwanon na ƙarfe ne, a kwance shi, a kifa a kan katako a buga lotsewar ta koma, a duba bakinsa ya kwanta daidai, a duba rariyar zuƙo mai ko ta karkace, a sa sabon gasket. Na alminiyam ba ya lotsewa, tsagewa yake yi. Gam mai haɗi biyu zai kai ka gida, ba zai kai ka ƙarshen shekara ba. A canja. Kuma duk motar da aka ɗaga ta kwanon inji, a duba robobin da inji yake zaune a kai, domin su suka ɗauki nauyin da ba nasu ba.

Akwai baƙi biyu da suka shigo mana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, motoci da yawa an mayar da su masu amfani da iskar gas, kuma bututun da ya taso daga tukunyar da ke but zuwa inji ta ƙarƙashi yake bi, da matsin da ya kai bar 200. Idan jak ya taɓa shi, a rufe bawul ɗin tukunya, a mayar da motar wurin masu haɗa gas. Na biyu motoci masu batir, irin Prius. Duk waya mai ruwan lemo da kuka gani a ƙarƙashinsu tana iya ɗaukar wuta sama da volt 200. Masu lantarki zalla kuwa daɓen gaba ɗaya batir ne. Yara, kun ji ko? Idan ba ku ga alamar wurin jak ba, ku kira oga.

Na bakwai: rufe ƙarfe.

Duk inda aka lanƙwasa ko aka yi walda, fenti da rufin zinki na kamfani sun tafi. Wasu suna cewa ai mu nan arewa busasshiyar ƙasa ce, tsatsa ta mutanen Legas ce. Wanda ya ga titunan Kano a watan Agusta ba zai faɗi haka ba. Laka ta maƙale a tsaga, ta riƙe danshi har bayan ruwa ya ɗauke.

Jerin aikin ba shi da tsawo. A goge har farin ƙarfe, a shafa fentin fari mai hana tsatsa, a bari ya bushe, a bi bakin haɗin da gam ɗin toshe haɗi, sannan a fesa baƙin rufi. Cikin akwatin ma a fesa masa kakin hana tsatsa ta ramukan da ke toshe da roba, domin bayan walda daga ciki tsatsa take farawa. Fesa baƙin fenti kai tsaye a kan tsatsa ɓoye ta ne kawai. Tsohon baƙin mai da wasu ke watsa wa ƙarƙashin mota kuma yana tara ƙura, yana kumbura robobi.

Na takwas, gajere ne. Idan a garejinka aka lotsa motar mutum, ka kira shi ka nuna masa kafin ya gano da kansa. Miƙe leɓe da rufe shi bai kai kuɗin rasa mai kawo maka aiki ba, balle a ce bututun birki ne ka yi shiru ya ɗauki iyalinsa ya hau hanya. Maganin maimaituwa kuma yana da arha: guntun katako mai tauri ko robar taya mai kauri, a tsaga tsakiyarsa, a ɗaure shi da igiya a jikin kowane jak na gareji. Sannan kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko kan bulon siminti. Bulo ba ya gargaɗi, lokaci guda yake rugujewa.

Shugaba yana duba agogo, kuma na ga hannuwa sun fara tashi tun ina maganar wuta.  Iyayenmu dattawa, na san akwai wanda bai yarda da ni ba a kan hura wuta, ina roƙon a fara ba shi dama. Bayansa a ba yaran da ke jikin taga, domin su ne masu riƙe jak. Bismillah, ga fili.